Garin Da Ake Gayyatar Tsuntsaye Cin Abinci

Ga shi Allah ya sake kawo mu watan Disamba, hunturu ya fara kaɗawa daga arewa, leɓuna da dugadugai sun fara tsagewa, maƙwabtanmu Kirista kuma suna ta shirye-shiryen Kirsimeti. Duk sa'ad da wannan lokaci ya zagayo mukan tuna da wata tafiya da muka yi zuwa birnin Mancesta na ƙasar Ingila a watan Disamba na 2022, inda muka ga wata al'ada da muka fara yi wa dariya, amma kafin mu dawo gida ta zame mana darasi. Labarinta ne muke so mu ba ku a wannan watan.

Mun tashi daga Kumasi mu uku, muka hau jirgin sama a Ankara zuwa Landan, sa'an nan muka kama jirgin ƙasa na sa'a biyu da 'yan mintoci zuwa Mancesta. Dalilin tafiyar shi ne ziyarar wani ƙanenmu da ya daɗe a can yana aikin asibiti, ga shi kuma an yi masa haihuwa. Mun faɗa cikin wani matsanancin sanyi da ya rufe ƙasar tun daga farkon watan har wajen ranar 18. Ranar 10 ga wata dusar ƙanƙara ta sauka har aka rufe filin jirgin saman birnin na ɗan lokaci. Amma abin da ya fi sanyin ba mu mamaki shi ne gajartar yini. Rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 8 na safe, kafin ƙarfe 4 na yamma kuma an yi Magariba. Watau yinin bai kai sa'a 8 ba, daren kuwa ya wuce sa'a 16. Mai karatu ya riƙe wannan lissafi, domin shi ne tushen dukan abin da zai biyo baya.

GORAR DA BA TA DA BAƘI

Gidajen unguwar da muka sauka a kudancin birnin jere suke, bango manne da bango, na jan bulo. Tsakar gidansu ba a tsakiya take ba kamar tamu, ta baya take, ɗan lambu ne tsukukku mai dangar katako wanda bai fi faɗin ɗaki biyu ba. Da gari ya waye muka leƙa ta tagar ɗakin girki, sai muka ga kusan kowane lambu akwai wani abu rataye a jikin sanda ko reshe, wani kamar gora ta roba mai haske, wani kamar ragar ƙarfe. Muka tambaya, ƙanen namu ya ce, "Yaya, ai abincin tsuntsaye ne. Saye ake yi a kanti."

Muka kwashe da dariya. Mu da muka taso muna ganin yara suna wuni a gonakin shinkafa da na dawa a arewa, suna buga gwangwani suna ihu don korar jan-baki, yau ga mu a garin da ake cire kuɗi a sayo tsaba a gayyaci tsuntsu ya zo ya ci. Babbar yayarmu da muka je tare ta ce lalle ƙoshi ya yi wa mutanen nan yawa.

Ashe shi ma gidan da muka sauka yana da tasa gorar. 'Yarsa ta fari, mai shekara 8, ita ce ta matsa aka sayo mata, domin a makarantarsu an ce kowane yaro ya rubuta irin tsuntsayen da ya gani a gidansu lokacin hutun Kirsimeti. An rataye gorar mako guda ke nan a jikin ƙusar bango, daf da ƙofar ɗakin girki, amma ko tsuntsu ɗaya bai sauka ba, alhali kuwa lambun maƙwabcinsu cike yake da su tun asuba. Yarinyar ta zo ta tsaya gabanmu da littafinta babu ko layi ɗaya a ciki, ta ce da 'yar gurguwar Hausarta, "Baba, don me tsuntsaye ba sa son gidanmu?" Ba mu da amsa. Muka dubi ubanta muka ce, mai wannan lambu mai albarka ai shi ya kamata a tambaya. Sai ya sunkuyar da kai ya ce shekararsu shida suna maƙwabtaka, ban da gaisuwar ɗaga hannu babu abin da ya taɓa haɗa su. Muka ce to yau za a fara.

DARASIN DATTIJO

Maƙwabcin nan dattijo ne Bature, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun watse, shi kaɗai yake zaune. Da muka yi masa sallama ta kan danga muka faɗi abin da ke tafe da mu, sai ya saka takalmansa ya zagayo da kansa. Ya dubi gorar, ya girgiza kai, ya ce kurakurai uku ya gani.

Na farko wurin da aka rataye ta. Ƙaramin tsuntsu ba ya cin abinci inda ba shi da mafaka, kuma ba ya ci inda mutane ke shiga da fita. Yana so ya fara sauka a kan wani reshe ya duba ko'ina, sa'an nan ya yi tsalle ɗaya ya ɗauki tsaba ya koma. Amma kuma ba a cusa gorar cikin duhuwar ganye, domin nan kyanwa take laɓewa, kyanwoyi kuwa sun yi yawa a unguwar. Ya cire gorar ya mai da ita ƙarshen lambun, kimanin taku uku daga wani ɗan itace mai ƙaya da ke cikin dangarsa, inda tsuntsu zai hango kyanwa tun daga nesa, in kuma shaho ya kawo farmaki ya sami wurin faɗawa.

Na biyu abin da ke cikinta. Ya zuba kaɗan a tafin hannunsa ya nuna mana, yawanci alkama ce da fasasshiyar masara, watau gaurayen nan mai araha. Ya ce wannan tattabaru kawai zai tara maka, ƙananan tsuntsaye kuwa watsar da shi za su yi. Kowane tsuntsu da irin bakinsa, kowane baki da abincinsa, saboda haka mai son baƙi iri-iri sai ya yi girki iri-iri. Ga abin da ya lissafa mana:

Ɓararriyar tsabar furen-rana ita ce uwar tafiya, domin tana da mai, kuma kusan kowane tsuntsu yana cinta. Sai ɗanyar gyaɗa marar gishiri, wadda ake zubawa cikin ragar ƙarfe don tsuntsu ya riƙa tsaga kaɗan-kaɗan. Ya gargaɗe mu game da gyaɗar da ta yi fumfuna, domin tana ɗauke da dafin da ake kira afalatoksin mai kashe tsuntsu, dafin nan dai da masu sayen gyaɗa ke gudu a kasuwanninmu. Sai kitsen saniya ɗanye mai tauri, a curo shi da tsaba a rataye. In an sayo shi cikin 'yar ragar roba sai a cire ragar, domin tana sarƙe ƙafar tsuntsu. Sai busassun tsutsotsi don masu cin ƙwari. Sai tuffa da ta fara lalacewa, a raba biyu a ajiye a ƙasa don waɗanda ba sa iya maƙalewa a jikin gora. Daga ƙarshe ya nuna mana wata baƙar tsaba siririya kamar riɗi, wadda suke kira naija. Jin sunan ya sa muka ɗauka daga Nijar ko Nijeriya ake kawo ta. Ba haka ba ne. Asalinta ƙasar Habasha, inda suke kiranta nug suna matse mai daga cikinta, ana kuma noma ta a Indiya.

Na uku, wanda ya ce ya fi sauran biyun, shi ne ruwa. A irin wannan sanyi kowane kududdufi ya daskare ya zama dutse, tsuntsu kuwa yana bukatar ruwa don sha, musamman mai cin busasshiyar tsaba, yana kuma bukatarsa don wanka, domin gashin da ya yi dauɗa ba ya riƙe ɗumi. Ya ce a samo kasko marar zurfi, a sa dutse a tsakiya don tsuntsu ya sami wurin tsayawa, kowace safiya a fasa ƙanƙarar da ruwan zafi a zuba sabon ruwa. Ba a zuba gishiri ko wani magani don hana daskarewa.

Muka tambaye shi, shin in ba a ba su ba mutuwa za su yi? Ya ce mu tuna da tsawon daren. Akwai tsuntsu a lambun nan da nauyinsa bai wuce giram 11 ba, watau bai kai cokalin sukari ba. Kitsen da ya tara yau da rana shi zai ƙona cikin daren sa'a 16 don kada jikinsa ya huce, gobe da safe kuma sai ya fara daga farko. Saboda haka lokaci biyu ne suka fi muhimmanci, sassafe da kuma daf da faɗuwar rana. Ya ba mu labarin sanyin 1962 zuwa 1963, sa'ad da yake yaro, wanda ƙanƙara ta rufe ƙasar fiye da wata biyu, ƙananan tsuntsaye suka mutu ba adadi. Sa'an nan ya ce wa yarinyar ta yi haƙuri, tsuntsu ba ya yarda da sabon wuri a rana ɗaya.

BAƘI SUN ISO

Ƙanen namu ya je wurin wani mahauci Musulmi a unguwar Longsight ya samo kitse, aka sayo tsabar kirki, yayarmu kuma ta ba da murfin wata tsohuwar tukunya aka yi kasko. Kwana biyu shiru. A rana ta uku, muna shan shayi bayan sallar Asuba, gari ya fara haske ke nan, sai yarinyar ta damƙe hannunmu. Ga wani ɗan tsuntsu a bakin kaskon, girmansa kamar na gwara, bayansa ruwan ƙasa, ƙirjinsa ja kamar an shafa masa manja. Shi ne wanda suke kira robin. Ruwan ne ya fara jawo shi, ba abincin ba.

Wannan jan-ƙirji shi ne tsuntsun Kirsimeti a Ingila, hotonsa ne a kan katunan gaisuwa da takardun naɗe kyauta. An ce tun zamanin Sarauniya Biktoriya, masu raba wasiƙu suna sa jar riga har ana yi musu laƙabi da sunansa, daga nan ya hau kan katunan da suke rabawa. Yana cikin tsuntsaye ƙalilan da ke kuka cikin sanyi, kuma ba ya tsoron mutum. Amma mafaɗaci ne, ba ya yarda wani ɗan'uwansa ya shigo yankinsa, shi ya sa da wuya ka ga biyu a lambu ɗaya a wannan lokaci.

Da shi ya buɗe hanya sai saura suka biyo. Akwai mai shuɗiyar hula da rawayan ciki, shi ne mai giram 11 ɗin nan, wanda yakan maƙale a jikin kitse kansa a ƙasa. Wayonsa ya shahara, domin tun 1921 aka fara lura a kusa da Southampton yana huda murfin kwalaben madarar da ake ajiyewa a ƙofar gidaje yana shan man da ya taso, dabarar kuma ta bazu ko'ina a ƙasar. Akwai garken wasu masu jar fuska da zanen zinariya a fiffike, waɗanda suka zo wa baƙar tsabar Habasha. Akwai baƙin tsuntsu mai rawayan baki wanda ya kama tuffa a ƙasa yana korar kowa. Akwai gwararsu, 'yar'uwar tamu, mai surutu cikin danga. Wata safiya har maƙwaƙwafi mai baƙi da fari ya sauko wa gyaɗa. Shi ma ɓarawo bai bari an bar shi a baya ba, wani kuregen bisa mai ruwan toka, wanda aka shigo da kakanninsa daga Amurka a 1876, ya zo ya tauna gindin gorar roba, har sai da aka sake ta da mai kejin ƙarfe.

Dattijon ya nuna mana cewa ba dukansu ne 'yan gari ba. Wasu masu jan hammata da muka gani suna cin jajayen 'ya'yan itacen dangarsa daga ƙasashen Sikandinebiya suke, sun gudo wa sanyin da ya fi wannan. Akwai kuma wani mai baƙar hula wanda a dā ya kamata a ce yana Sifen ko arewacin Afirka a wannan lokaci, amma tun wajen shekarun 1960 wasu daga Jamus da maƙwabtanta suka riƙa juyowa Ingila, masu bincike kuma sun nuna cewa abincin lambuna da sassaucin sanyi ne suka sa hakan ta yi musu kyau. Watau gorar roba ta kai ga sake wa tsuntsu hanyar ƙaura.

GIDAN DA ABIN YA FARO

Da sanyi ya ɗan sassauta, dattijon ya ja mu zuwa unguwar Didsbury, wurin wani lambun shaƙatawa da ake kira Fletcher Moss a kusa da kogin Mersey. A cikinsa akwai wani tsohon gida inda wata mata mai suna Emily Williamson ta zauna. A 1889 ta tara mata 'yan'uwanta a wannan gida suka kafa ƙungiya don yaƙi da yayin ado da gashin tsuntsu a kan huluna, yayin da ya sa ana karkashe dangin balbela da wasu tsuntsaye a ƙasashe da yawa. Ƙungiyar ta haɗu da wata irinta ta Croydon a 1891, ta sami amincewar gidan sarauta a 1904, a 1921 kuma majalisa ta yi dokar hana shigo da irin wannan gashi. Ita ce RSPB ta yau, mai mambobi fiye da miliyan ɗaya.

Muna tsaye a bakin gidan sai muka ji wani kuka mai kaifi da kunnenmu ya sani. Muka ɗaga kai, ga garken tsirya, kore shar da dogon wutsiya da jan baki, suna ratsa itatuwan da babu ko ganye ɗaya a kansu. Yayarmu ta ce, "La ila! Me ya kawo ku nan?" Irin tsiryar nan ce da ake gani a arewacin ƙasar nan da sauran ƙasashen Sahel, ko da yake na Ingila yawancinsu jikokin waɗanda aka kawo daga Indiya ne cikin keji, suka kuɓuce suka hayayyafa. Abincin lambuna yana cikin abin da ke taimakonsu cin sanyin. Muka daɗe muna kallonsu, domin mun ga kamar labarinsu bai yi nisa da na ƙanenmu ba.

RANAR KIRSIMETI

Ranar 25 ga wata gari ya yi tsit, kantuna a rufe, tituna babu kowa. Matar ƙanenmu ta dafa shinkafa da wake da miya, aka kai wa dattijon, domin mun lura babu wanda ya zo masa. Ya karɓa da murna, ya shigo ya zauna da mu, hira kuma ta koma kan abin da za a iya ba tsuntsu daga ragowar abincin biki.

Ya ce kuskuren da aka fi yi a wannan rana shi ne zuba wa tsuntsaye man da ya tsatso daga gasasshen talotalo. Wannan mai ba ya daskarewa da tauri kamar ɗanyen kitse, sai ya shafe gashin tsuntsu ya hana shi riƙe ɗumi da tare ruwa, ga gishiri a cikinsa, ga shi yana saurin ruɓewa. Haka kuma ba a ba su gyaɗa mai gishiri, ko madara, ko busasshiyar kwakwa da aka goge, ko abin da ya yi fumfuna. Burodi yana cika ciki ne kawai babu amfani sosai. Abin da ya dace shi ne dafaffiyar shinkafa marar gishiri, dankalin Turawa da aka dafa, gogaggen cuku marar ƙarfi, ɓarɓashin kek, da zabibi da aka jiƙa, amma gidan da ke da kare a kiyaye zabibi domin guba ne gare shi.

Ya kuma gaya mana cewa a Norwe da Suwidin tsohuwar al'ada ce manomi ya ajiye damin hatsi guda tun lokacin girbi, ranar jajiberin Kirsimeti ya ɗaure shi a kan sanda don tsuntsaye su ma su yi biki. A Amurka kuwa a dā akan fita gasar harbin tsuntsaye ranar Kirsimeti, sai a 1900 wani masani mai suna Frank Chapman ya kawo shawarar a ƙidaya su maimakon a harbe su. Mutum 27 ne suka fara, ƙidayar kuma ta zama ta kowace shekara. Da yayarmu ta ji labarin damin sai ta yi shiru, can ta ce ai kakarmu ma takan watsa wa tsuntsaye gero da safe ta ce sadaka ce. Ashe abin da muka yi wa dariya muna da shi a gida, mantawa muka yi.

ALHERIN DA YA WUCE KIMA

A nan ne muka yi namu kuskuren. Ganin baƙi sun yawaita, hannunmu na Hausawa ya motsa, muka ga ai bai kamata baƙo ya zo ya tarar da abinci a ƙididdige ba. Muka samo faranti muka riƙa cika shi da tsaba, muna kuma watsa wata a ƙasa. A lokacin ƙanƙara ta narke, ruwan sama ya dawo, tsabar ta jiƙe ta cuɗe da kashin tsuntsaye.

Kwana uku bayan Kirsimeti yarinyar ta kira mu mu ga wani tsuntsu mai kirki da ba ya gudu. Kore ne mai kaurin baki, irin da suke kira girinfinc. Yana zaune cikin farantin, gashinsa a kumbure, gefen bakinsa a jiƙe, yana ɗaukar tsaba yana ƙoƙarin haɗiyewa tana dawowa. Da dattijon ya gan shi sai fuskarsa ta sake. Ya ce wannan ba kirki ba ne, ciwo ne, kuma a sauke komai yanzun nan, gora da raga da faranti da kasko, nasa gidan ma zai sauke.

Alamun sun yi daidai da na wata cuta da ake kira tirikomonas, wadda masu kiwon tattabaru a zangunanmu suka sani, ita ce mai toshe maƙogwaron tattabara da wani abu kamar cuku. A 2005 ta ɓulla cikin ƙananan tsuntsayen Ingila. Tsuntsun da ya kamu ba ya iya haɗiya, sai ya amayo tsabar da yawunsa a kanta, wani ya zo ya ɗauka, ko kuma ya sha a kaskon da ya sha. Cikin 'yan shekaru kaɗan yawan wannan koren tsuntsu a Birtaniya ya faɗo daga kimanin miliyan 4.3 zuwa miliyan 2.8, a watan Disamba na 2021 kuma aka sa shi cikin jerin waɗanda ake fargabar halin da suke ciki. Ba mu ne muka kawo cutar unguwar ba, amma farantinmu shi ne irin wurin da take yaɗuwa. Daga baya ma, a watan Janairu na 2025, ƙungiyar RSPB ta dakatar da sayar da tebura da farantan abincin tsuntsu saboda wannan dalili.

Yarinyar ta yi kuka, ta ce za su ɗauka an kore su. Dattijon ya durƙusa ya ce mata, tara su wuri ɗaya yanzu shi ne cutarwa, in sun watse mako uku ko huɗu cutar za ta rasa hanya. Ya zayyana mana ƙa'idar da ya kamata mu bi tun farko: a zuba abin da za a cinye cikin yini ɗaya ko biyu kawai, a wanke gora kowane mako a bar ta ta bushe sarai, a sake ruwa kullum, a share ƙarƙashin gorar, a riƙa sauya mata wuri, a yi wankin a waje da bokitinsa dabam, a kuma wanke hannu bayan an gama. Mu da muka cika farantin mu ne muka ɗauki bokiti da buroshi cikin ruwan sanyi, babu wanda ya ce mana komai, mu ma ba mu ce komai ba.

Mun baro Mancesta a farkon Janairu lambun yana wayam. A ƙarshen watan ƙanenmu ya bugo waya. An mai da gorar, babu faranti, baƙi kuma sun dawo. A ƙarshen makon ne ake ƙidayar tsuntsayen lambu ta ƙasa baki ɗaya, wadda RSPB ta fara a 1979, inda kowa yakan zauna sa'a guda ya rubuta abin da ya gani. Yarinyar da dattijon sun zauna tare a tagar ɗakin girki sun ƙirga iri tara. Ya ce yanzu dattijon yakan shigo shan shayi ranar Lahadi, ita kuma yarinyar ta koya masa cewa gwara da kurciya.

MU FA A NAN GIDA?

Ba muna cewa mai neman abin da zai ciyar da iyalinsa ya je ya sayo wa tsuntsu tsaba ba, manomin da jan-baki ya addaba kuma yana da hujjarsa. Amma akwai abu biyu da ya kamata mu sani.

Na farko, a daidai lokacin da suke ciyar da nasu, wasu tsuntsayen Turai baƙinmu ne a nan Gana. Akwai wani farin tsuntsun teku mai ƙirji ruwan hoda da ke ƙyanƙyasa a tsibiran Birtaniya da Ailan, ya zo ya ci sanyi a gaɓar tekunmu. Kama shi da yara ke yi da tarko yana cikin abin da ya sa aka fara shirin ceton tsuntsayen gaɓa a 1985 tsakanin gwamnatin Gana da RSPB, a 1992 kuma aka sa tafkunan Keta da Songor da Sakumo cikin dausayin da duniya ta amince a kare. Ɗan ƙaramin tsuntsun da yaro ya auna da danƙo a kan darbejiya a watan Janairu, mai yiwuwa ne ya ƙetaro teku da Sahara kafin ya iso nan.

Na biyu, abin da ƙanƙara ke yi musu shi ne abin da hunturu da rani ke yi mana, watau ɓacewar ruwa. A Tamale da Bawku da Wa, har ma a nan Kumasi, daga yanzu har zuwa saukar damina tsuntsu yana shan wuya kafin ya sami inda zai tsoma baki. Tun dawowarmu muka ajiye fasasshen kasko a ƙarƙashin mangwaron gidanmu, a kan wani kututture inda kyanwa da kaji ba sa kaiwa. Kowace safiya bayan alwala mukan zubar da na jiya, mu cuɗa kaskon, mu zuba sabo, hakan kuma yana hana sauro yin ƙwai a ciki. In an tankaɗe gero ko an sheƙe shinkafa sai a watsa ɗan tsakin da bai wuce cikin tafin hannu ba. Yanzu gwara da kurciya da kabare ba sa fashi, jikokinmu kuma da suka saba yawo da danƙo sun fara gardamar wanda zai zuba ruwa.

Wanda ya gwada a gidansa ya rubuto mana irin tsuntsayen da suka zo masa da sunayensu na Hausa, domin akwai da yawa da yaranmu na zango ba su san sunansu ba. Allah ya ba mu ikon tausaya wa na ƙasa da mu. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.